Shayin Baba Toktosun a Ƙolin Dutse

Wani ne a ƙauyenmu Jirgalan mai duwatsun ƙanƙara, tun tasowarsa bayan doki kawai ya sani. Dokin ya mutu a tsakiyar hunturu, ga 'ya'ya huɗu a gida. Sai ya ji Baba Toktosun, mai raka baƙi hawan dutse, yana neman mataimaki. Su biyu suka je, shi da wani Ulanbek.

Baba ya ce, "Gurbi ɗaya ne. Gobe mu hau ƙoli, wanda ya riga sauka ƙauye shi ke da aiki. Kai mai doki, ka iya sulu a kan ƙanƙara?"

"Haba Baba, ni da na iya doki? Katako ne fa, ko harbi ba ya yi."

Aka ba shi allon nan da ake rabawa biyu, a hau dutse da ɓari ɗaya a kowace ƙafa, in an kai ƙoli a haɗe a sulalo. Mutumin naku bai taɓa ganin irinsa ba. Da safe sai ga shi da allo an ɗinke shi tsaf da ƙusa tara.

"Me ka yi wa allona?"

"Tsagagge ka ba ni, Baba. Na yi shiru ne don kada ka ji kunya."

Baba ya daɗe yana kallon sama. Aka cire ƙusoshi. Saura fata mai gashi da ake liƙawa a ƙasan allo, wadda ke barin mutum ya yi gaba ta hana shi zamewa baya. Gogan ya ce kada a koya masa, shi da ya jeme fata ta fi ɗari. Ya liƙa ta a juye.

Aka fara hawa. In ya yi taku ɗaya gaba, sai ya zame uku baya. Bayan awa guda ya fi kusa da gidansa fiye da lokacin da aka tashi.

Ulanbek ya ƙwala masa kira, "Yaya, mantuwa ka yi a gida?"

Bai kula shi ba. Ya juya wa dutsen baya, ya dinga hawa da baya da baya, yana haki kamar tsohon zugazugi. Wallahi ina hangensa daga ƙauye, har tausayi ya ba ni, amma haka ya kai ƙoli.

Ya tarar Ulanbek ya haɗa allonsa yana ɗaure takalmi. Shi ma ya ɓare fata, ya maƙale ɓari ɗaya a hammata, ya dafe ɗayan a kan gangara. Nan Baba ya tsiyayo shayi mai zafi ya miƙo masa. Mu kuwa ko gida na ci da wuta, ba a karɓar shayin babba da hannu ɗaya. Ya sa hannu biyu, har da rusunawa.

Ɓarin allo ya yi sululu, ya miƙe. Suna tsaye suna kallo ya tsallake rafi, ya ratsa garken tumaki, ya tsaya cak a ƙofar shagon ƙauye.

Baba ya ce, "To ɗana, yanzu sai yaya?"

Ya kurɓi shayi ya ce, "Ai ka gani da idonka, Baba, rabina ya riga kowa sauka. A ba ni rabin aikin, sauran yana tafe a ƙafa."