Yadda Na Haɗa wa Surukina Talki a Mota

Ba zan taɓa mantawa da wannan Larabar ba. Ko na so in manta ma, mutanen Dakoro ba za su bar ni ba.

Ni dai sana'ata gyaran salula, ina da ɗan shago a bakin kasuwa. In gilashi ne ya fashe ko bakin caji ya lalace, a kawo mini, ba na jin tsoron kowa. Daga nan ne kai ya fara kumbura, har na ce abokai su riƙa kira na Injiniya. (Ba wanda ya ba ni sunan. Ni na nema, suka ga ba asara, suka ba ni.)

Surukina, Alhaji Isuhu, baban matata Hadiza, shi ne shugaban wata ƙungiyar makiyaya. Duk shekara in damina ta wuce ciyawa ta bushe, babban abin da ke hana su sakat shi ne gobarar daji. Wuta ta tashi a can inda babu rezo, salula ba ta kamawa, kafin mutum ya hau babur ya kawo labari gari, ta cinye abincin dabbobi na wata da watanni. Shi ya sa ƙungiyar ta samo talki guda biyu, irin rediyon hannun nan da ake danna gefe a yi magana. Ɗaya zai zauna a biro, wato ofishinsu, ɗaya a tsohuwar a-kori-kurar ƙungiya. Na motar ya zo da wani ɗan akwati da ake kafawa kusa da sitiyari, a zura talkin a ciki. Akwatin ne ke ba shi caji daga batirin mota, ya haɗa shi da doguwar eriya a saman rufi, don murya ta kai nesa.

Wata Lahadi na je gaisuwa, na tarar da kwalin a gaban Alhaji. Ya ce gobe za a kai wa Malam Sha'aibu, tsohon mai gyaran wutar mota, ya haɗa.

Lokacin ko shekara ban yi da aure ba, kuma tun da aka ɗaura Alhaji bai taɓa ganin na yi wani abin a zo a gani ba. Kaina a sunkuye yake kamar yadda ya kamata, amma bakina bai sunkuya ba.

Na ce, "Baba, ai wannan ba aikin tsofaffi ba ne. Elektronik ne. Malam Sha'aibu fitila da ham ya sani."

Alhaji ya dube ni ya ce, "Ka iya?"

"Minti goma, Baba."

Aka kira Lawali, shofer ɗin ƙungiya, wato direbanta, ya kawo motar ƙofar gida. Wurin yana da ɗan gangare, birkin hannun motar kuwa ya daɗe da rasuwa. Yawanci wani guntun icce Lawali ke tokare taya da shi, ranar ya baro shi a biro.

Ya ce, "Tun da minti goma ne, bari in zauna in riƙe ta da ƙahwa."

A cikin kwalin akwai ɗan littafin bayani da Faransanci. Na buɗe, na ga zane: jar waya ta bi ta wani rami ta shiga wajen inji, ta kai ga batir, da fizibil, wato fis, a tsakani. Na leƙa ƙarƙashin sitiyari ban ga ramin ba. Ga mutane sun fara taruwa. Sai na rufe littafin na jefa shi bayan kujera, da irin jifan da ke nuna wa jama'a cewa wannan na masu koyo ne.

Na kwanta rigingine, kaina gab da takalmin Lawali, na ɗauko ƙwan gwajina na fara tsikarar wayoyi. Ta farko shiru. Ta biyu shiru. Ta uku, wata koriya, ƙwan ya kama fes. Na ce a kashe mota, aka kashe, yana nan a kunne. Na ce alhamdu lillahi, ga wuta mai tsayawa. Na feƙe wayar, na murɗa jar a jikinta, na naɗe da salatif, baƙar na ɗaure ta a wani noti. Minti goman ya zama awa guda, Lawali yana ta mitar ƙafarsa ta yi tsami, ni kuwa ko a jikina.

Na zura talki, ɗan koren haske ya kama a jikin akwatin. Na danna na ce, "Alo, biro, biro, kuna ji na?"

Muryar Rabi, sakatariyar ƙungiya, ta cika motar: "Muna ji, tas!"

Mutane suka ɗauki sowa. Alhaji ya gyaɗa kai. Ni kuwa na kaɗe rigata na tafi da sauri, don in je in ba Hadiza labari tun yana da zafi. Ban tsaya na ga Lawali ya ɗage ƙafarsa ba.

Ranar Laraba Alhaji ya aiko in zo in raka su dajin da ke bayan Rumbu, in nuna wa makiyaya yadda ake aiki da abin. Na sa shaddata ta sallah. Na zauna a gaba, tsakanin Lawali da Alhaji, akwatin yana daidai gwiwata.

Muna barin gari na lura koren hasken ba ya nan. Na ce wa zuciyata ai ya cika caji ne. Can na sake satar kallo, na ga fuskar talkin kanta baƙi ƙirin. An bar shi a kunne cikin akwatin kwana uku, ya cinye ɗan cajin da ya zo da shi, ba abin da ke shigar masa. Wannan daga baya na gane. A lokacin abin da na sani kawai shi ne talki ya mutu.

To, a nan ne abin da ya fi ba ni kunya, fiye da duk abin da ya biyo baya. Maimakon in ce, "Baba, a tsaya, akwai matsala," sai na cire hulata na kifa a kan talkin.

Alhaji ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Rana ce, Baba. Ba ya son rana."

Niyyata in mun isa in lallaɓa in gyara ba wanda ya sani.

Hantsi ya ɗaga sosai muka hango hayaƙi. Kafin mu yi magana sai ga wani makiyayi a guje kan babur, rawaninsa ya warware. Ya ce wuta ce, iska na kora ta wajen rugarsu, ga mata da yara, ga tarin ciyawar da suka yanka.

Alhaji ya juyo ya ce, "Maza kira Rabi. A turo mutane da tankin ruwa."

Na ɗage hula. Na danna. Na ce alo. Na sake dannawa, na murɗa, na bubbuga shi a tafin hannu kamar tsohuwar tocila.

Na ce, "Baba, ina jin rezo ne."

Ya ce, "Ba kai ka ce mini wannan ba ruwanshi da rezo ba?"

Na mayar da talkin cikin akwati. Lawali ya ba mota wuta muka nufi hayaƙin. Muna cikin gudu sai ga shanu sun keto hanya a firgice, ya take birki har goshina ya kusa bugun gilashi. Koren haske ya kama. Shanu suka wuce, ya saki, ya mutu.

Na gani. Na yi addu'a a ce ni kaɗai na gani.

Lawali ya tsayar da motar. Ya taka, haske ya kama. Ya saki, ya mutu. Ya taka, ya saki, ya taka, yana kallona.

Ya ce, "Baba Alhaji, dubi wani ikon Allah. Injiniya a wayar fitilar birki ya haɗa muna."

Alhaji bai dube ni ba. Ya ce, "In an riƙe birkin, zai yi magana?"

Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "Sai ya ɗan sha caji tukuna."

Muka zauna. Mota a tsaye, wuta na ci a gabanmu, makiyayin nan yana leƙo mu ta taga bai gane abin da muke jira ba. Ban san minti nawa aka yi ba, amma na ƙirga kowane zare na ɗinkin hulata. Daga ƙarshe talkin ya yi ƙara ya farka. Alhaji ya karɓa ya yi wa Rabi bayanin wurin.

Ta ce, "Alhaji, tun safe nike kiran ku shiru. Mi ya faru?"

Lawali ya miƙo baki ya ce, "Rabi, taƙaita, ƙahwata ta gaji. Talkin Injiniya ba ya magana sai an taka mishi birki."

(Ashe ranar akwai taro a biro. Mutane cike da ɗaki suka ji.)

Muka matsa kusa da rugar, aka ajiye motar a wani fili mai yashi inda ba ciyawa. Dole talkin ya zauna a kunne, don masu kawo agaji ba su san wurin ba, sai an riƙa yi musu kwatance. Lawali kuwa ƙarfi gare shi, ana buƙatar sa wajen wuta. Alhaji ya buɗe ƙofar shofer ya ce mini, "Kai, koma nan. Ka taka. Kar ka ɗaga."

Haka aka bar ni, inji na aiki, ni a kujerar shofer cikin shaddar sallah, ƙafa a kan birkin motar da ba ta zuwa ko'ina. Ta gilashi ina kallon surukina, mutum mai furfura, ya tuɓe babbar riga ya karyo reshe yana dukan wuta. Mata na jan yara da tumaki. Maza na share ciyawa da hauya don a datse mata hanya. Wata tsohuwa ta zo wucewa da reshe a hannu, fuskarta duk toka, ta tsaya ta dube ni.

Ta ce, "Ɗana, ba ka da lafiya ne?"

Na ce, "Lafiya lau, Inna. Aiki nike."

Ta dubi hannuwana biyu da ke kan cinya, ta dubi fuskata, ta wuce abinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Masu agaji suka iso, da kwatancena dai, wannan kaɗai zan iya faɗa wa kaina. Wajen la'asar aka ci ƙarfin wutar. Ruga ta tsira, ba a rasa rai ba, ba a rasa dabba ba. Amma tarin ciyawar wani gida ya ƙone ƙurmus, kuma har yau ina tambayar kaina ko mintocin da muka ɓata a tsaye ne suka ci shi. Da na sauko daga motar ƙafata ta dama ta ƙi ɗaukata, na dafa ƙofa ina ɗingishi. Ni da ban taɓa wuta ba, ni ne kaɗai na koma gida da rauni.

Da yamma lis muka koma Dakoro.

Washegari da kaina na roƙi Lawali muka kai motar garejin Malam Sha'aibu. Labari ya riga ni isa, har da maganar da na yi cewa fitila da ham ya sani. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya sa na ba shi labarin tun daga farko, yana saurare.

Da na kai wajen zaman birki ya ce, "Awa nawa ka yi?"

Na ce, "Sun kai huɗu."

Ya ce, "Ba sanda a dajin? Ai da ka tokare birkin da ita ka tahi ka taimaki mutane."

Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo mini. Lawali ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Malam Sha'aibu bai taɓa wayar ba, ni ya sa na yi. Ya ce in ciro littafin daga bayan kujera. Ya nuna mini ramin da na kasa gani, wata 'yar roba ce ta rufe shi. Na zura jar waya har batir, muka sa fizibil kusa da kan batirin, don in waya ta goge ta taɓa ƙarfe shi ya ƙone ba motar ba. Baƙar ya sa na kankare fenti na ɗaure ta a jikin ƙarfe mai kyau. Ya ƙara ɗan makunni, don in motar za ta kwana biyu a ajiye kar akwatin ya tsotse batir. Ya sa na naɗe koriyar wayar da na feƙe. Sannan ya ce kowa ya sauka daga motar, a gwada a kunne, a gwada a kashe, a taka birki, a saki, a kunna fitila, a danna ham. Koren haske ko ƙiftawa bai yi ba.

Da yamma na je wurin Alhaji na ba shi haƙuri. Na faɗa masa har maganar hular, don ta hana ni cin abinci. Ya ce, "Wayar kuskure ce, kowa na yi. Hular ce ba kuskure ba." Na ce haka ne, Baba. Ya ce in tashi in je, ya wuce. Satin da ya biyo na bi motar muka kai wa gidan nan ciyawa, ni na yi lodi, ni na sauke.

Yanzu in aka kawo mini abin da ban sani ba, ina karanta takardarsa a gaban mai shi, ko da layi ya kai bakin titi. Na kuma koyi wasu kalmomi uku da da can ba sa fita daga bakina. Kwanan baya Alhaji ya kira ni, ya nuna mini injin ban-ruwansa da ya tsaya, ya ce ko zan duba.

Na ce, "Baba, ban iya ba."

Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce, "Madalla. Zauna mu sha shayi."