Ranar Da Aka Tambayi Zlatka Lafiyarta

Ina rubuta muku wannan ne ƙafata tana cikin bokitin ruwan gishiri. Da safen nan na faɗa ramin da ke bakin ƙofar ɗakin taro, wannan dai ramin da Mai Girma Uban Gundumarmu, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, ya cike har sau uku a rediyo. Kwandon ƙwaina ya yi gabas, ni na yi yamma. Ina kwance ina kallon sama sai ga Zlatka maƙwabciyata ta tsaya a kaina, hannayenta a ƙugu.

"Kera," ta ce, "yanzu fa? Ayam fayin?"

"Ɗaga ni, tsohuwar banza, ma yi maganar a gida."

"Ni dai na gaya miki. Baki shi ke yanka wuya."

Ku da ba ku zo kasuwa ranar Alhamis ba, bari in ba ku labarin tun daga tushe, kafin matar mai gidan burodi ta ba ku shi da ƙarin gishiri. Nawa gishirin daidai yake.

Da bazarar da ta wuce Mai Girma ya je ƙetare, ya dawo da sabuwar rigar sanyi da kuma albishir. Wai manyan can sun ba da kuɗi a koya mana Turanci, don baƙin da ke zuwa kallon tsohuwar majami'armu ta kan dutse su daina gudun fuskokinmu. Sai ga doka ta biyo baya: duk mai tebur a kasuwa sai ya mallaki takardar shaidar iya tarbar baƙi, mai hatimi, in ba haka ba a karɓe teburin. To, in ka ji gangami akwai labari. Babu wanda bai san teburin da ake hari ba. Na Zlatka ne, wanda ke ƙarƙashin tsohuwar bishiyar tuffa, daidai inda motar baƙi ke tsayawa. Shekara talatin da ɗaya tana sayar da cukwin tumaki da zuma a wurin. Tun da mijinta Dobri ya rasu, teburin nan ne miji, shi ne ɗa, shi ne itacen hunturu. Ƙanwar matar Mai Girma kuwa ta daɗe tana zagaya shi kamar kyanwa da tukunyar nono, tana so ta baza 'yan tsanan roba sanye da kayan gargajiyar Bulgariya, waɗanda ko Bulgariya ba su taɓa jin sunanta ba kafin a sauke su daga kwali.

An buɗe makarantar da biki. An yanka kirtani, an gasa raguna bakwai, an yi jawabi uku. Mu ɗalibai an ba mu izinin jin ƙamshi. Malaminmu shi ne Lachezar, surukin Mai Girma, wanda aka zaɓa bisa cancanta tsantsa: ya taɓa tuƙa babbar mota zuwa Ingila sau biyu, kuma a ɗaya daga ciki ya isa. Aka raba mana littafi mai nauyin dunƙulen cukwi, mai karin maganar Turawa ɗari biyar da jerin kalmomin da ake rikitawa. Ni aji huɗu na yi a makaranta aka cire ni kiwon agwagi, amma ko ni na san wanda bai iya cewa sannu ba, ba da karin magana ake fara masa ba.

Darasin farko ana ruwa. Rufin ɗakin taron yana yoyo a wuri biyar, kowa da bokitinsa tsakanin ƙafafu, murhun kuma babu ko tsinke a ciki. Lachezar ya gyara murya ya ce idan aka yi irin wannan ruwa, Turawa cewa suke ana zubo kyanwoyi da karnuka.

Bai Lalyo, tsohon makiyayin nan mai sayar da safar ulu, ya ɗaga sandarsa. "Lachezar, ɗana, karnukan na kiwo ne ko na gida?"

"Magana ce kawai, Bai Lalyo."

"To in na kiwo ne a ajiye mini ɗaya. Nawa ya tsufa."

A darasi na biyu muka yini muna bambanta kalmar tunkiya da ta jirgin ruwa, wai a bakinsu suna kama. Lalyo ya ce shi shekararsa saba'in da tara bai taɓa ɗaukar guga ya je tatsar jirgi ba. Darasi na uku ba na iya tunawa, barci na yi, shi ma malamin ina jin haka. An yi mana alkawarin darasi talatin, huɗu muka gani. Kullum sai a liƙa takarda a ƙofa: babu man fetur ɗin da malam zai zo. Gaskiya ne kuma, mai ya yi wuya, ni da kaina na ga layi har gada. Allah dai ya taimaki sabuwar motar Mai Girma, ita ta samu ɗan abin da ya kai ta bakin teku, taron kwana biyar kan yadda ake tsimin mai.

A darasi na huɗu ne tsiyar ta fito. Lachezar ya ce mu rufe littafi. Wata mata za ta zo daga wurin masu kuɗin ta gani da idonta, kuma jarrabawar tambaya ɗaya ce tak. Za ta tsaya a teburinka ta ce yaya kake. Kai kuma ka washe haƙora ka ce ayam fayin, wato lafiya lau nake, babu abin da ke damuna. Shi ke nan, hatimi.



Ku da kanku kun san yadda mutanen kirki ke gaisawa. An tambaye ka lafiya, sai ka fara da gwiwa, ka hau baya, ka sauka a kan rufi da farashin itace, sannan ka ce, "Kai fa, ina ke maka ciwo?" Shi kuma ya kawo nasa, ya yi ƙoƙari ya fi naka. Kowa ya tafi ransa fes. Wane mahaukaci ne zai tsaya tsakiyar kasuwa ya shelanta cewa lafiyarsa ƙalau? Ai kambun baka ba ya barci. Ko jariri aka yaba sai an tofa sau uku an ce mummuna ne.

"Ba zan faɗa ba," in ji Zlatka.

"Baba Zlatka, kalma biyu ce fa," in ji Lachezar.

"Dobri ma kalma biyu ya faɗa."

Babu wanda ya yi dariya, don duk muna wurin. Ranar bikin yankan inabi ne, shekara goma sha ɗaya ke nan. Dobri ya ɗan sha, wani ya tambaye shi jiki, ya bugi ƙirji ya ce garau yake. Zlatka tana can wajen tukwane, ba ta kusa balle ta tofa. Bayan kwana tara aka binne shi. Likita ya ce zuciya ce. Likita yana da takardunsa, Zlatka tana da nata sanin.

Sati biyu ina lallashinta a kan katanga. Na ce ta ɗaura jan zare a hannu. Na ce ta faɗa da sauri sannan ta juya ta tofa a cikin gyale. Na ce ai da Turanci ne, kambun bakan garinmu aji nawa ya yi da zai gane?

"Ke ƙarya sana'arki ce, Kera, jarida ma kike yi wa rubutu. Ni ban iya ba."

"To za ki zuba ido a ba 'yar tsana teburinki?"

Ta juya ta shige gida. Daga baya na lura kullum bayan ta tatsi tumaki tana zama a dakali da waya a kunne, tana magana da 'yarta Bilyana, wadda ke aikin kula da tsofaffi a Ingila. Ni ba mai sa kunne ba ce, kowa ya sani, katangar ce gajeriya. Sai na ji tana maimaita wasu kalmomi tana taɓa gwiwa, tana taɓa ƙugu, tana nuna rufi. Na tsallaka na zauna, har ni ma na tsinci kaɗan. Na ce, "Wannan ba ya cikin jarrabawa." Ta ce, "Na sani."

Ranar Alhamis gari ya waye kamar za a ɗaura auren bishop. An ɓoye bokitai. An share kasuwa. Ramin bakin ɗakin taro kuwa aka ɗora masa wata ƙatuwar tukunyar furanni, har na ce wa Lalyo wannan ne gyara na huɗu. Abin da aka manta shi ne hanyar ƙasan gari. Motar baƙuwar ta maƙale a can, sai ga ta ta hauro tudu da ƙafa, doguwa, mai furfura, tana ɗingishi, takalminta duk taɓo. Mai Girma ya tarbe ta da burodi da gishiri, yana ta sunkuyawa har ina jin tsoron maɓallin wandonsa.

Ta bi tebur tebur. Ayam fayin. Ayam fayin. Lalyo ya faɗa da ƙarfi kamar yana korar kura, sannan ya tofa a kan takalmin Lachezar, wai kuskure ne. Ni ma na faɗa, har da murmushi, kuma don in nuna ni wayayyiya ce ban tofa ba. Baƙuwar tana ta gyaɗa kai tana rubutu, fuskarta kamar ta wanda aka ba miya ba gishiri sau goma sha tara.

Sai ta iso ƙarƙashin tuffa. Ƙanwar matar Mai Girma ta matso, har da kwalinta a hammata, ko kunya.

Baƙuwar ta yi tambayarta. Zlatka ta dube ta tun daga furfura har taɓon takalmi. Ta buɗe baki. Lachezar yana bayan baƙuwar yana motsa leɓe yana nuna mata amsa. Ni kuwa na riƙe ƙaramin giciyen wuyana.

"Gwiwa," in ji Zlatka da Turanci, "ba kyau."

Daga nan ba ta tsaya ba. Baya ba kyau. Ƙugu ba kyau. Rufin makaranta, ruwa. Murhu, ba wuta. Malami, ta ɗaga yatsu huɗu. Takarda ta ce talatin, ta buɗe hannaye sau uku. Ta kama hannun matar ta kai ta bakin ɗakin taro, ta tura tukunyar furanni da ƙafarta mai ciwo, ta nuna ramin. Turancin nata duk a karye yake, ba kyanwa ba kare, amma kowace kalma ta isa inda aka aike ta. Mai Girma ya ce wa Lachezar ya shiga tsakani ya fassara. Lachezar ya ce matan suna sauri.

Da suka dawo teburin, Zlatka ta cika gaisuwa yadda uwarta ta koya mata. Ta nuna ƙafar baƙuwar ta ce, "Ke fa, ina ke ciwo?"

Jama'a, matar nan ta dubi Zlatka, ta ajiye takardunta a kan cukwi, ta zauna a kujerar Dobri, ta cire takalmi. Rabin awa tana magana tana nuna gwiwa, tana kwatanta likita, tana kwatanta matakalar gidanta. Zlatka tana "ayya, ayya," tana yanka mata cukwi, tana shafa mata man nan nata mai warin tunkiya. Abin da ɗaya ba ta gane ba, gwiwar ɗaya ta gane.

Kafin baƙuwar ta tafi ta sa hannu a takardun kowa, amma ta Zlatka ta ware. Ta ce a gaya wa Mai Girma cewa garuruwa shida ta zaga a wannan aiki, kuma yau ne karon farko da wani ya yi mata magana da Turanci. Ta ce shi da hannunsa zai miƙa wa Zlatka takardar. Ya miƙa, yana murmushin wanda ya taka ƙusa a majami'a. Ƙanwar matarsa ta sulale da kwalinta. Teburin yana nan ƙarƙashin tuffa, cukwin ma Zlatka ta ƙara masa kuɗi, wai yanzu na mai satifiket ne.

Tukunyar furannin kuwa a daren aka mayar da ita gidan Mai Girma, inda aka aro ta. Shi ya sa yau na sami ramin a buɗe yana jirana. Zlatka ta ce amsata ce ta biyo ni. Ni na ce ramin ne. Mun bar maganar a nan, tunda ita ke kawo mini miya.

Abu ɗaya dai ke damuna, kuma saboda ƙaunar da nake wa shugabanni nake faɗa. Da baƙuwar za ta shiga mota, ta juyo ta ce wa Mai Girma wasu abokan aikinta za su zo mako mai zuwa su duba inda darasi ashirin da shida suka shiga. Sannan, don ladabi, ta tambaye shi yaya yake. Bawan Allah ya ce ayam fayin. Sau uku ya faɗa, da ƙarfi, a tsakiyar kasuwa, gaban mata talatin da duk sun san abin da ya kamata a yi.

Na duba dama, na duba hagu. Ko ɗaya ba ta tofa masa ba. Ni da na so, amma kun san tsufa, bakina ya bushe.