Rasuwar Kambas, Takalmin Gudun Iddi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwa mai cike da ruwa, Iddi Aboubakar na Zongo, masinja a ofishin masu fiton kaya na tashar jirgin ruwa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar takalminsa na gudu, wanda unguwa ta sani da Kambas. Ya cika ranar Talata da hantsi a bakin titin Agoè, saura kwana goma sha ɗaya a yi gudun yada-ƙanin-wani na kilomita arba'in da biyu, wanda suka shekara biyu suna shirinsa tare.

Ba a san shekarun marigayin ba. A dilar gwanjo ya sauka Lomé, da alamar ya riga ya yi wa wani Bature hidima, amma bai taɓa yi wa kowa gorin ƙasar waje ba. Tun da aka tashi tsohon Zongo aka mayar da mutanensa Agoè a bayan gari, hanya ta yi nisa, shi ke kai Iddi aiki a guje kowace safiya. Ya halarci rawar jam'iyya, ana rana ana ruwa, kuma da yake jam'iyyar ɗaya ce ba sai an faɗi sunanta ba. A ƙofar masallaci kuwa ya yi ta jira sau biyar a yini, ko sau ɗaya ba wanda ya yi sha'awar tafiya da shi.

Ciwon ajali ya samo asali ne bara, da ƙasansa ya cinye. Iddi ya kai shi wurin Tchakoura mai gyaran takalma, wanda ke yanka sabon ƙasa daga tsoffin tayoyin tasha. Guntun tayar ƙaramar mota ya ishi ƙafar hagu kawai, sai ya cike ta dama da tayar gingimari. "Patron, taya taya ce," in ji shi. Iddi har alfahari ya yi, wai robar da ta je Wagadugu ta dawo ba gudun safiya ɗaya ne zai ba ta tsoro ba.

Daga ranar muryar marigayin ta canza. A da "fat, fat" yake cewa, ya koma "fat, dum, fat, dum". Daga ranar kuma jikin Iddi ya shiga uku. Agara ta fara, ƙwauri ya karɓa, daga bisani gwiwar dama ta nuna musu ita ce babba. An yi ƙaho wurin wanzami, an sha murza da man kaɗanya, an gasa da ruwan zafi, an ɗaura ƙanƙarar masu kifi har ofis ya ɗauki ƙarni. Maɗori ya ja ƙafar har Iddi ya kira sunan kakarsa. Iddi ya zargi shekaru, ya zargi kwalta, ya zargi bakin mutane. Ya manta cewa da ɗan gari akan ci gari, bai taɓa duban takalmin ba.

Matarsa Meimuna, da yake tela ce, ita ta gano. Tana shara ta jera ƙafa biyun a kan teburin keken ɗinki, ta tsaya tana kallo, sannan ta ɗauko ma'auninta. "Malam," ta ce, "ba ƙafarka ce ta karkace ba. Na dama ya fi na hagu tudu da yatsa biyu." Iddi ya ce ba a raba mutum da abokin tafiyarsa ana saura wata guda a yi gudu. Haka ya ƙara sati uku yana ɗingishi a guje.

Ranar Talata tayar gingimari ta rabu da gangar jiki. Marigayin ya buɗe baki, ya ce "ɓarak" sau ɗaya, bai sake magana ba. Iddi ya faɗi a kan gwiwar nan dai. Likita ya ce babu gudu sai bayan wata shida, sannan a gani. Iddi yana da shekara arba'in da ɗaya, ya kuma fahimci abin da likita bai ƙarasa ba. Ya yi kuka sosai, ba ya musun hakan, ya dai ce na takalmi ne.

Marigayin ya bar igiya biyu, ɗaya mai ƙulli uku, da safa ƙafa ɗaya da rabi, da lambar gudu 214 wadda Meimuna ta riga ta ɗinke a jikin singileti. Iddi ya yafe masa duniya da lahira. Ya yafe wa Tchakoura ma, amma ya ce kada ya zo.

Ba za a yi salla ba, liman ya ce kada a kawo masa wasa. Za a binne marigayin ranar Asabar ta sama, ranar gudun, bayan asuba, a gindin mangwaron bayan gida. Zaman makoki ƙarfe bakwai ne a titin bakin teku, inda masu gudu za su bi. Za a tarar da Iddi a kan benci, ƙafa a miƙe. Ana roƙon masu gaisuwa su tsaya ta bayansa kada su tare masa hanya, kuma in mai gudu na ƙarshe ya wuce, a ɗan ba shi lokaci kafin a yi masa magana.