Da Ruwa Ya Janye

Da aka kawo kwamfuta ofishinmu na aikin rijiyoyin burtsatse a Gashua, ni aka ba wa tsara manhajar bibiyar aikin, don ni kaɗai na yi kwas ɗin kwamfuta a Nguru. Na zo gurbin ranar kammala aiki, manhajar ta ce in zaɓa: kalanda ko rubutu zalla. Malam Bukar, shugabanmu, ya leƙo ya ce, "Ki sa kalanda mana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɓata lokaci ne. Masu duba aiki su rubuta kawai, ai ba yara ba ne."

Ranar da manya suka zo daga Damaturu don ganin rijiyoyin da suka makara kafin su amince a ci gaba, na danna rahoto ko dubawa ban yi ba. Jakusko: "bayan Sallah." Karasuwa: "ranar kasuwa, ba wannan ba, waccan." Dagona: "da ruwa ya janye." Kwamfuta ta kasa gane ko ɗaya, sai ta ce babu aikin da ya makara.

Babban baƙon ya cire gilashinsa ya ce, "Yarinya, wace Sallar?"

Aka dakatar da amincewar, ni kuma na bi ƙauyuka a bayan a-kori-kura ina tambayar dattawa yaushe ruwa ya janye.

Har yau in na tambayi direbanmu yaushe za mu tashi, sai ya gyara hula ya ce, "Hajiya, da ruwa ya janye."