Fitilar da Ta Girmi Lantarki

Duk faɗin unguwar Abu Hail ta Dubai, kai har ka dangana da Al Nahda, babu mai ilimin fitila kamar Alhaji Mu'awiya. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ba a taɓa jin ya janye ba. Sana'arsa tura kaya Kano a kwantena, amma wannan ta cin abinci ce kawai. Abin da ya ɗaga shi sama da sauran bayin Allah shi ne tara tsofaffin fitilun laba, irin kwalbar nan mai ƙwan lantarki a gindi, wadda idan ta ɗau zafi wani kaki mai launi yake narkewa a ciki, ya dinga hawa yana sauka kamar gudajin koko. Goma sha ɗaya gare shi. Mutane suka sa masa Farfesan Kwalba don tsokana, shi kuwa ya kai aka buga masa a kati.

Farfesa ba ya sayen fitila da ka. Sai ya ƙwanƙwasa ta da zobe, ya kara kunne, ya shinshina wayar, sannan ya lumshe ido ya faɗi shekarunta. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, tunda ba wanda ya damu ya bincika. Matarsa Hajiya Murjanatu kuwa ta daɗe da kwashe kulolinta zuwa ƙarƙashin gado, domin kabad ɗin falo ya zama na kwalabe.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: kujerar shugaban ƙungiyar Hausawan unguwar. Dattawa biyar ne za su zaɓa ranar Lahadi, kuma a ganinsa mai tarihi a kabad shi ya fi cancanta. Sai ya gayyace su cin abinci bayan sallar Juma'a, don su ga sabuwar tsohuwar da ya tono a wani sito a Al Qusais.

Suna zama ya kashe esi, wai sanyi yana hana kakin narkewa. Watan Yuli ne fa, a Dubai. Ya saki labule, ya jona fitilar, ya ce ba mai taɓa abinci sai ta motsa. Ƙamshin miyar Hajiya na leƙowa daga kicin, dattawa na tsiyayar da gumi, sun zuba wa wani jan curi ido, shi kuma ya kwanta abinsa a ƙasan kwalba. Aka ci awa guda da rabi a haka.

Farfesa ya gyara zaman hularsa ya ce, "Jama'a, shwaiya shwaiya, a bi a hankali, tarihi ba ya gaggawa. Wannan da kuke gani ta girmi Dubai. Ga shaida a jikinta da lambobin Larabci, dubu ɗaya da ɗari huɗu da arba'in da biyar. Shekara ɗari biyar da tamanin ke nan cif. Harafin ha da ke gefen lambar kuwa sa hannun maƙerin ne. Bincikena ya nuna sunansa Haruna."

Wani dattijo ya ce, "Farfesa, a lokacin akwai lantarki?"

"Nan ilimin yake, habibi. Haruna ya ƙera ta ya ajiye, yana jiran a gano."

Malam Sualah, mutumin Zangon Kumasi mai gyaran wuta, shi ne babba a cikin biyar ɗin, kuma yunwa ta fi kama shi. Ya sa tabarau ya duƙa ya duba lambar. Ya ɗago ya dubi bango, inda kalandar masallaci take rataye daidai saman kan Farfesa. A jikinta an rubuta dubu ɗaya da ɗari huɗu da arba'in da bakwai, ga harafin ha a gefe, alamar shekarar Hijira da kowane ɗan makarantar allo ya sani.

Ya ce, "Alhaji, ashe Haruna yana raye. Ga shi ya sa hannu a kalandarka ma. Fitilar nan ai shekararta biyu, wallahi jikata ta girme ta. Hajiya, don Allah a kunna esi."

A daidai lokacin kakin ya ga damar tashi. Ya miƙe a hankali, ja wur, gwanin sha'awa, sai dai kowa ya riga ya juya wajen tiren abinci. Farfesa kaɗai ya gani.

Ranar Lahadi aka ba wani kujerar. Amma dattawa mutanen kirki ne, ba su bar shi hannu wofi ba. Sun naɗa shi mai juya kalandar ofishin ƙungiya duk ƙarshen wata, da sharaɗin ya karanta shekarar da ƙarfi kafin ya juya.