Yadda Ake Zama Mawaƙin Shagon Aski a Riyad

Ɗan'uwa, in kana zaune a Riyad a wannan shekara ta 1986, iyali na can gida, ka gaji da cin kabsa kai kaɗai kana kallon bango, matso kusa. Ni Injiniya Lurwanu na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan sai ka zama mawaƙi. Duk wanda ya bi su ya dace. Mu huɗu ne muka taɓa bin su.

Mataki na 1: Samo kaset

Waƙar Amurkawa ce, ta maza huɗu, ba ganga ba garaya, murya zalla. Wani Bature abokin aikina ne ya ba ni kaset ɗin, ya ce sunanta waƙar shagon aski. Kada ka tambayi dalili. Ni ma ban tambaya ba, shagon aski kawai na tafi nema.

Mataki na 2: Kama wanzami

Namu Buraima ne, mutumin Damagaram, mai shago a unguwar Jaradiya. Kada ka kunna masa kaset aska na kan maƙogwaronka, don dariya za ta kama shi. Da ya gama dariyar sai ya gwada, murya kamar tifa tana hawan tudu. Nan take na naɗa shi mai kauri.

Mataki na 3: Raba sauran muryoyi

Siririya ka ba wanda ya fi kowa girman jiki. Namu Talle ne, nas, ƙato, amma in ya buɗe baki sai ka rantse amarya ce. Akwai kuma mai cike gurbi, wanda ba a jin sa sai ya yi kuskure. Wannan ta likita ce.

"Duk karatun da na yi, a ce aikina 'uuu'?" in ji Dokta Bashari.

Ka ce masa ita ce mafi wuya. Zai karɓa. Kai kuma ka ja waƙar, tunda kaset naka ne.

Mataki na 4: Ido ɗaya a ƙofa

In mutawwa, wato ɗan hisbar nan mai hana waƙa, ya gifta, kowa ya yi tsit, ɗaya ya faɗa kujera a kama yi masa aski. Ta haka Dokta ya rabu da gashin bakinsa. Amma ka daure. Wata Alhamis bayan la'asar muryoyinmu suka haɗu cif, sai muka ji wata murya ta biyar tana yawo a saman silin. Buraima ya ce aljani ne. Muka yi ta tsalle muna tafawa kamar yara sun ga ruwan farko.

Mataki na 5: Nemo dalili

Kafilin Talle, wato ubangidansa na aiki, ya sa hannu bayan dogon jan rai, bizar matarsa Zaituna ta fito. Sai dai ta yi fushi, don ya daɗe bai je hutu ba.

"Ku rufa mini asiri, 'yan'uwa," in ji shi. "In na tarbe ta da baki kawai, jirgin da ya kawo ta za ta koma."

Muka ɗora wa karin Turawa kalmomin "sannu da zuwa, uwargida".

Mataki na 6: Tabbatar da matar

A filin jirgi mata suka fito duk cikin baƙar abaya. Talle ya nuna ɗaya, muka ware murya, har da durƙuso. Ashe wata tsohuwa ce 'yar Sudan. Ta ɗaga lema za ta maka mana. Ɗan sanda ya iso.

"Esh hada? Iƙama!" in ji shi, wato mene ne wannan, a kawo takardu.

Ya tattare takardun zamanmu duka huɗu. Sai muka ji murya a bayanmu: "Baban Umma, wa kake yi wa kirari ina tsaye?"

Ɗan sandan ya dubi Talle, ya dubi Zaituna, ya ce da Larabci a sake, amma ga mai ita. Muka sake. Zaituna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza, ba ka sanin dariya ce ko kuka. Ɗan sanda ya miƙo takardu: "Yalla, halas."

Ta miƙa wa Talle jaka. "Aikin da ya hana ka zuwa hutu ke nan? Mu je gida ka ƙara mini. Kai kaɗai, ban da waɗannan."

Gargaɗi

In ka bi shawarata ka tsinci kanka a jirgin Kano da silifa ɗaya, ba ruwana, ba ruwan zuri'ata. In an kira ni shaida zan ce famfo nake gyarawa, kuma tun ina yaro nake fama da dusashewar murya.