Buhun Kifi a Ƙarƙashin Gado

"Lafiya lau nake, ganinki ne kawai ya ɓata min safiya," in ji Baba, tun 'yata ba ta gama durƙusawa ba.

Ni na kira ta, don na gaji. Ma'aikaciyar jinya ce, ita kaɗai ke iya wa kakan nata. Likita ya ce hawan jini ya kama mahaifina, ya rage gishiri da jan nama, ya riƙa cin kifi sau biyu a mako. Bawan Allahn nan kalmar kifi kawai ya ɗauka, ya watsar da sauran. Ya sayo busasshen kifi mai gishiri buhu guda, ya tura ƙarƙashin gado yana gutsura safe da yamma. Na yi magana har bakina ya mutu. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga.

Ta toshe hanci. "Mijin nawa, ɗaki ne wannan ko bakin kogi?"

"Ƙamshin lafiya kenan, ke da kika saba da warin magani. Kifi yana gyara zuciya, yana wanke ido, yana buɗe ƙwaƙwalwa. Tun da na fara ci, har ranar da aka haife ni na tuna."

"Amma ka manta inda ka ajiye maganinka."

"Maganin me? Ga magani buhu guda."

"Wannan gishiri ne ya yi wa kifi riga. Ɗanye aka ce maka, a dafa ko a gasa. Kai kuma ka je ka auro abin da aka hana ka."

"Na auro ɗin. Ya fi ki daɗin zama, ba ya mayar da magana. Yarinya, abin da babba ya hango..."

"Babba ya fara hango ƙafarsa tukuna. Ruwa ba ya tsami banza."

"Ƙiba ce. Hutu ne ya sauko ƙasa."

"Ƙiba a ƙafa, wuya kamar na zakara? Miƙo hannu."

"Ba zan miƙa ba. Na'urar nan taku maƙaryaciya ce, da ta ga mai kuzari sai hassada ta kama ta."

Haka dai yana mita ta naɗe masa damtse da na'urar awon jini, ta danna. Ni kam haushi ya ishe ni, na tsaya a bakin ƙofa ina jira. Lambar ta fito, ɗari da tamanin a sama.

"Ka gani? Garin neman gira za ka rasa ido."

"A makarantarku ɗari da tamanin ba cin jarrabawa ba ne? Ke ko hamsin kin taɓa kawowa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta cire abin a hankali, ta zauna a gefen gado.

"Shekaranjiya aka kawo mana wani dattijo, bai kai ka ba. Jini ne ya hau, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Jikarsa na ta tsokanarsa, yana kallonta, ya kasa ramawa. Ni in ka yi shiru haka, da wa zan yi faɗa?"

Baba ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Can ya sa sanda ya turo buhun waje, ya yi wata 'yar dariya.

"Kwashe, na ba ki kyauta. Ki kawo ɗanyen naki, amma ke za ki zauna ki cire min ƙaya ɗaya bayan ɗaya."

"Zan cire."

"Kuma ina ci ina zaginki."

Ta sunkuci buhun, tana share ido da bayan hannu.

"Ka zaga ɗin, tsoho. Abin da na zo nema kenan."